Yadda Ake Tunkarar Ayyukan Yau Da Kullum Idan Jiki Ya Mutu, Zuciya Ta Ƙi Tashi

Akwai lokacin da wanke kwano uku yake zame wa mutum babban aiki. Wanki ya taru a kusurwar ɗaki, waya cike da saƙonnin da ba a amsa ba, mai shago yana jiran kuɗinsa tun makon jiya, kuma kuɗin suna nan a aljihu, tashin ne ya gagara. Mutum ya san abin da ya kamata ya yi, ya kuma iya yin sa, amma jiki ya ƙi. Rana ta faɗi bai tsinana komai ba, ga shi a gajiye liƙis, ga kuma zuciya tana ta zaginsa: rago, malalaci, dubi sa'o'inka.

Abin da yawancinmu muke yi a irin wannan hali shi ne jira. "Bari in ɗan ji ƙarfin jikina tukuna." "Gobe in Allah ya kai mu zan tashi da wuri in gama komai." Goben ta zo, aikin ya ƙaru da na jiya, nauyin ya ninka. Matsalar jiran nan ita ce karsashi ba ya riga aiki zuwa idan mutum yana cikin wannan yanayi. Bayan an fara motsi yake biyowa. Motar da batirinta ya yi sanyi, ko ka wuni kana murɗa makulli ba za ta tashi ba, sai an sauka an tura ta 'yan taku, injin ya kama, sannan batirin ya soma ɗaukar caji. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyin turin ne.

Wannan ba zancen ƙarfafa gwiwa ba ne kawai. Tun a shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Peter Lewinsohn, ya bayyana yadda abin yake zagayawa: mutum ya shiga damuwa sai ya janye daga ayyukan da suke ba shi daɗi ko gamsuwa, janyewar ta rage masa jin daɗin rayuwa, rashin jin daɗin ya ƙara janye shi. A 1996 Neil Jacobson da abokan aikinsa suka gwada, suka ga cewa sa mai ciwon damuwa ya riƙa komawa ayyukansa kaɗan-kaɗan bisa tsari yana yin amfani daidai da cikakken maganin tattaunawa da ake yi a lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan dabara cikin tsarin taimakon da ta fitar a 2016 domin al'ummomin da ke cikin ƙunci, inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci.

Da farko, a tambayi jiki

Kafin ka yanke wa kanka hukuncin lalaci, ka tabbata ba ciwo ne yake cin ka ba. Ƙarancin jini yana kawo irin wannan mutuwar jiki sak, da haki idan an ɗan yi tafiya, da jiri idan an miƙe. Ya fi kama mata masu ciki, masu shayarwa, da waɗanda jinin al'adarsu yake zuba da yawa. Ciwon suga yana kawo kasala tare da yawan ƙishirwa da fitsari. Akwai kuma raunin aikin halittar nan ta maƙogwaro da maƙoƙo yake kamawa, wanda yake sa mutum nauyin jiki, jin sanyi da yawan barci. Gwajin yawan jini da na suga ba su da tsada, kusan kowane ƙaramin asibiti ana yin su.

Wani abu da muka saba da shi, da zarar jiki ya yi nauyi sai a ce "maleriya da taifot ne", a wuce kemis a haɗo magani. Wani zai sha irin wannan haɗin sau uku a wata biyu, kasalar tana nan daram. In ka sha maganin zazzaɓi bayan gwaji ya nuna akwai shi, to madalla. In ba a gwada ba, kuɗinka kake zubarwa, ainihin abin kuma yana ci gaba.

Ka kuma duba lokacin da ake ciki. Daga Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai zafi yakan haura digiri 40, dare kuma ba wuta ba iska. Wanda bai yi barcin kirki ba mako biyu, bai kuma sha isasshen ruwa ba, ba abin mamaki ba ne ya kasa ɗaga tsintsiya da rana tsaka.

Sauke kayan daga ka zuwa takarda

Ɗauki biro da takarda, ko bayan tsohon littafin yara ne. Rubuta duk abin da yake danne ka, ba tare da tsari ba: wanki, kuɗin makarantar yara, gaisuwar mutuwar da ba ka je ba, gyaran famfo, bashin adashi, kiran Hajiya. In rubutu yana ba ka wuya, ɗauki muryarka a waya kana lissafawa. Dalilin yin haka shi ne, muddin abubuwan suna cikin kai, dunƙule suke wuri ɗaya, ba su da farko ba su da ƙarshe. Da sun sauka kan takarda za ka ga suna ƙirguwa. Sau da yawa abin da ya hana ka barci bai wuce abu goma sha biyu ba.

Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya biyu. Ta farko: wannan a hannuna yake? Tsadar mai da ta abinci tun bayan cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 ba a hannunka take ba. Halin surukarka ba a hannunki yake ba. Ja layi a kansu. Jan layin bai rage musu nauyi ba, amma ya fitar da su daga jerin ayyukan yau. Tambaya ta biyu: in ban yi wannan yau ba, me zai lalace? Maganin hawan jinin Baba da ya ƙare ba ya jira. Abincin yara ba ya jira. Gugar kayan da ba yau za a sa ba tana iya kwana bakwai ba abin da zai faru.

Daga cikin waɗanda ba sa jira, zaɓi uku. In ranar ta yi tsanani, ɗaya. Sauran takardar ka ninke ta ka ajiye inda idonka ba zai riƙa faɗawa kanta ba.

Yanka aikin har ya zama abin dariya

Nan ne ainihin dabarar take, kuma nan ne mutane suka fi raina ta. Aikin da ka zaɓa, ka rage shi har ya kai girman da ba za ka iya cewa "ba zan iya ba".

A ɗauki wanke-wanke. Kwanukan jiya da na shekaranjiya suna jibge a bakin rariya, tukunyar tuwo da ƙanzo ya bushe a gindinta, ƙudaje sun fara taruwa. In kika ce wa kanki "zan yi wanke-wanke", abin da zuciya take gani shi ne awa guda a tsugune, ga ciwon baya, sai ta ƙi. To kada ki ce haka. Ki ce "zan zuba ruwa a tukunyar nan ƙanzon ya jiƙa". Shi ke nan aikin. Ki tashi, ki ɗebo ruwa kofi biyu, ki zuba, ki koma ki zauna in kina so. An yi aikin farko. Bayan an jima, na biyu: zuba ruwa a baho da ɗan omo. Na uku: wanke kofuna kawai, su ne marasa maiƙo. Abin da yakan faru shi ne, hannu yana cikin kumfa, soso yana hannu, sai ki ga kin jawo faranti ɗaya, kin jawo na biyu. In hakan ta faru, to. In ba ta faru ba, kofuna sun fita, tukunya ta jiƙa, gobe aikin ya fi na yau sauƙi.

Haka yake ga namiji mai bashin da yake jin nauyin fuskantar mai shi. "Zan warware maganar bashin Alhaji" dutse ne. Matakin farko shi ne ka nemo lambarsa ka rubuta a takarda. Na biyu, ka rubuta jimla biyu da za ka faɗa: "Alhaji, ban manta ba. Ƙarshen wata zan kawo rabi in sha Allah." Na uku, ka kira, ko ka tura a rubuce. Ɗalibin da jarrabawa ta matso ya kasa buɗe littafi, aikinsa na farko shi ne ya ɗauko littafin ya buɗe shafin ya ajiye a kan tabarma. Karatun shafi ɗaya mataki ne na daban.

Alamar cewa ka yanka daidai ita ce ka ji kunyar kiran abin aiki. In har yanzu kana jin nauyi a ƙirji idan ka tuna shi, bai ƙanƙance ba, ƙara yankawa.

Wasu suna jin daɗin sa wa aikin iyaka da agogo. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya shahara da tsarin aikin minti 25 a huta minti biyar, wanda ya ƙirƙiro yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980. Ga wanda jikinsa ya mutu, 25 ta yi yawa a ganina. Sa minti biyar ko goma a waya. In ta yi ƙara, kana da cikakken izinin tsayawa, kuma ka riƙa tsayawar wani lokaci, don zuciya ta yarda ba yaudararta kake yi ba.

Rataya aikin a jikin abin da ba ya motsi

"Zan yi anjima" ba lokaci ba ne. Aiki yana buƙatar ƙusar da za a rataye shi, kuma Musulmi yana da guda biyar a kowace rana waɗanda ba shi ya kafa su ba. Bayan sallar Asuba, kafin in koma kwanciya, zan share tsakar ɗaki. Bayan Azahar zan kira mutum ɗaya. Bayan La'asar zan taka zuwa bakin titi in dawo. Amfanin wannan shi ne ka riga ka tashi, ka taɓa ruwa, kana tsaye. Mafi wuyar, wato rabuwa da katifa, an riga an yi shi. Wanda ba Musulmi ba, ko macen da take hutun salla, sai a nemi wata ƙusar: fitar yara makaranta, shan kokon safe, addu'ar safiya, dawowar maigida.

A lokacin zafi, aiki mai nauyi a kai shi bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya. Tsakar rana a bar wa abin da ake yi a zaune.

Akwai hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kuma cikin addu'o'in da Anas ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan yi akwai neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da nauyin bashi. Na kawo wannan ne saboda masu gaya wa mai wannan hali cewa raunin imani ne ya jawo masa. Abin da aka koya wa al'umma gaba ɗaya neman tsari daga gare shi, abu ne da yake iya samun kowa.

Rage ma'auni na ɗan lokaci

A kwanakin nan, abin da aka yi rabi ya fi wanda ba a taɓa ba. Da babu gara ba daɗi. In tuwo da miya sun gagara, a dafa taliya da manja, ko a aiki yaro ya sayo ƙosai da koko, yara sun ci sun ƙoshi. In wanki ya yi yawa, a tsamo kayan makaranta da na sawa gobe, sauran su jira, ko a ba mai wanki in da hali. Wankan minti uku wanka ne. Gidan da aka share tsakiyarsa aka bar lunguna ya fi wanda ba a share ba.

Mata sun fi shan wahalar wannan mataki, saboda ido yana kansu: kishiya, dangin miji, maƙwabta masu shigowa ba sallama. Gaskiya ne za a iya yin magana. Amma maganar mako biyu ta fi sauƙi a kan ki matsa wa kanki har ki kwanta gaba ɗaya.

Waya, barci da abin da ake sha don a ji ƙarfi

Waya ita ce maɓoyar mai kasala. Ba ta buƙatar ƙarfi, tana cinye awa uku ba a sani ba, kuma a TikTok da Facebook kowa yana biki, kowa ya sayi mota. Ba na cewa a jefar da ita. Abu biyu kawai: kada ta zama farkon abin da hannunka zai taɓa da safe kafin ka yi ƙaramin aikinka na farko, kuma da dare ka sa ta caji nesa da shimfiɗa.

Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Abin da ya fi gyara barci shi ne tsayar da lokacin tashi, ko da daren bai yi daɗi ba, da fita cikin hasken safiya na 'yan mintuna. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Goro, shayi mai kauri, Nescafe da lemukan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin da yake daɗewa awanni a jiki, don haka wanda ya sha su bayan La'asar kada ya yi mamaki in ƙarfe ɗaya na dare ta same shi ido biyu.

Sai babban tarkon: tiramol da makamantansa. Da yawa sun fara ne da niyyar samun ƙarfin aiki, ɗan acaba, lebura, har da matan aure masu aikin gida. Kwana na farko jiki yana tashi. Bayan 'yan makonni, ba a iya yin ko aikin da ake yi da can sai an sha, kuma kasalar da take biyo bayan sakinsa ta fi ta asali muni. Yawan shan maganin tari mai kodin ne ya sa gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. In ka riga ka saba da ɗayansu, kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai, ka nemi likita ya tsara maka yadda za ka rage.

Motsa jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako. Kada lissafin ya tsorata ka. Tafiyar minti goma zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, ko zagaya tsakar gida, ita ce farkon.

Jawo mutum ɗaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba sai ka tara dangi ka yi musu bayani ba. Mutum ɗaya da ka yarda da shi ya isa, kuma ka roƙi abu takamaimai, domin "ina cikin damuwa" yakan jawo "sai haƙuri" ne kawai. Ce masa: "Yaya, don Allah ka biyo ta nan bayan La'asar mu taka tare." Ko: "Anti, ki zo ki zauna kusa da ni in ninke kayan nan, ba sai kin taɓa ba." Zaman wani kusa da kai kaɗai yana sa aikin da ya gagara ya yiwu.

A Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taya su zaɓar matsala ɗaya da matakin da za a fara da shi. Da aka gwada tsarin, an ga waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Irin waɗannan tsofaffi muna da su a kusan kowane gida. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi mai riƙe sirri, wadda ba za ta mayar da zancen wa'azi ko gori ba.

Kuma in aka gayyace ka ɗaurin aure ko suna, zuciya ta ce kada ka je, ka je ka yi minti ashirin ka dawo. Janyewa daga mutane tana daga cikin abin da yake ciyar da wannan hali.

Ranar da komai ya rushe

Za ta zo. Ka yi kwana huɗu kana bin tsari, rana ta biyar ka wuni a kwance. Kada ka ce za ka rama gobe da ninki biyu, nan ne ake karyewa. Gobe ka koma kan ƙaramin mataki ɗaya kamar ba abin da ya faru. Yana taimakawa kowane dare ka rubuta abin da ka yi, maimakon abin da ya rage: na yi wanka, na jiƙa tukunya, na kira Inna. Zuciyar mai damuwa tana goge irin waɗannan da sauri, sai ta ce maka ba ka yi komai ba duk mako. Takardar ce za ta ƙaryata ta.

Lokacin da ya kamata a tafi asibiti

In baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu, kusan kullum, kusan duk wuni, tare da canjin barci ko na cin abinci, rashin iya tattara hankali, ko jin kai ba ka da wani amfani, to wannan ya kai a ga likita. Ciwon damuwa ne ake zargi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama kusan kashi biyar cikin ɗari na manya a duniya. Mai jego ta fi buƙatar a sa mata ido. Kuka da rashin sukuni na 'yan kwanaki bayan haihuwa abu ne da aka saba gani, amma in ya wuce mako biyu, ko ta kasa kula da kanta da jaririn, kada a tsaya ga cewa ɗaurin jego ne ko shafar aljanu. A yi addu'a, a kuma kai ta asibiti.

Ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, a gaya wa likita ko ma'aikaciyar jinya kai tsaye: "Na fi mako biyu ba na iya komai, ba na jin daɗin komai, barcina ya lalace." In da buƙata za su tura mutum gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa a ranar suke ganin likita su koma gida. Tun farkon 2023 Najeriya take da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma sabuwar ta tanadi kare haƙƙin mara lafiya da mutuncinsa.

In an rubuta magani, a sani ba ya aiki a kwana ɗaya. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, kuma ba a daina shi da zarar an ji sauƙi sai da shawarar wanda ya rubuta. Kada a karɓi na wani, kada a saya a kemis da ka.

Abu ɗaya ne ba ya jiran mako biyu. In tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa maka, ko tunanin cutar da kanka, ka gaya wa wani a yau, ka tafi asibiti a yau. In kai ne aka gaya wa, kada ka tsawatar, kada ka ce "haba, kamar ba Musulmi ba". Ka zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, sannan ka raka shi da ƙafarka zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.